Yanosh Gonda, makaɗin piyano kuma malamin jaz na ƙasar Hangari

1. Ƙasar Hangari

Yara, ku buɗe taswirar Turai, ku sa yatsa a tsakiyarta. Za ku ga wata ƙaramar ƙasa wadda ba ta taɓa teku ta kowane gefe. Ita ce Hangari. Ƙasashe 7 ne suka kewaye ta, kamar yadda ƙasashe 7 suka kewaye Nijar. Amma ba ta kai Nijar girma ba ko kusa. Faɗinta murabba'in kilomita 93.000 ne, wato Nijar ta ninka ta fiye da sau 13. Mutanenta ba su cika miliyan 10 ba. Suna kiran kansu Majar, haka kuma su ke kiran harshensu.

Babban birnin ƙasar shi ne Budapes. Wani babban kogi mai suna Danub ya ratsa shi, kamar yadda kogin Isa ya ratsa Yamai. A da garuruwa ne dabam dabam: Buda bisa tuddai a gaɓar yamma, Pes a shimfiɗe a gaɓar gabas. A shekarar 1873 aka haɗe su suka zama birni guda.

A wannan birni aka haifi mutumin da za mu karanta labarinsa yau, a watan Janairu na shekarar 1932. A rubutun ƙasarsu János Gonda a ke rubuta sunansa, amma Yanosh a ke faɗi. Majar suna da wata al'ada: sunan gida su ke fara faɗi, sa'an nan sunan yanka. Don haka a can Gonda Yanosh a ke ce masa.

Gonda makaɗin piyano ne, kuma malami. Shi ya buɗe wurin farko na koyar da kiɗan jaz a makarantar gwamnati a ƙasarsu. Kafin mu ji yadda ya yi, sai mun san abu biyu: mene ne piyano, kuma mene ne jaz.

2. Mene ne piyano?

Piyano babban akwati ne na katako, mai nauyi ƙwarai. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaga shi. A gabansa akwai ƴan sanduna farare da baƙaƙe a jere, sai ka ce haƙora. Su 88 ne: 52 farare, 36 baƙaƙe. Makaɗi ya kan zauna bisa kujera, ya riƙa danna su da yatsunsa 10.

A cikin akwatin akwai tsirkiyoyi na ƙarfe fiye da 200, an ɗaure su tamau. Kowane haƙori yana haɗe da wata ƴar guduma mai laushin kai. In aka danna haƙorin, sai gudumar ta tashi ta bugi tsirkiya, sauti ya fito. Tsirkiyoyin hagu dogaye ne masu kauri, muryarsu babba ce. Na dama gajeru ne sirara, muryarsu siririya ce. Duk wanda ya taɓa lura da gurmi ko garaya ya san wannan: tsawon tsirkiya da kaurinta da yadda aka ɗaure ta, su ke sa murya ta hau ko ta sauka. A ƙasa kuma akwai feda da a ke takawa da ƙafa, don a ja sauti ya daɗe ko a rage ƙarfinsa.

Wani maƙeri ɗan ƙasar Italiya mai suna Kiristofori ne ya ƙera piyano na farko a birnin Fulorans, wajen shekarar 1700. Abin da ya sa aka yi marhabin da shi shi ne, yana jin hannun mai kaɗa shi. In ka danna a hankali, ya yi magana a hankali. In ka danna da ƙarfi, ya yi amo. Kalmar piyano ma da harshen Italiya «a hankali» ta ke nufi. Shekaru da yawa da hauren giwa a ke lulluɓe fararen haƙoran, kuma yawancin hauren daga Afirka a ke kai shi. An kashe giwaye masu ɗimbin yawa saboda haka. Yanzu an bari, da roba a ke yi.

3. Mene ne jaz?

Jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙaga. Kun karanta a darasin tarihi cewa an kwashi miliyoyin mutane daga Afirka, aka ƙetare teku da su, aka sayar da su bayi. Da yawa daga cikinsu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su. An raba su da gidajensu da harsunansu, amma ba a iya raba su da kiɗa da waƙa ba. A gonakin auduga su kan yi waƙar aiki: ɗaya ya bayar, saura su amsa, kamar yadda mawaƙi da ƴan amshinsa su ke yi a nan ƙasarmu. A birnin Niyu Oliyans akwai wani fili da a ke kira Dandalin Kwango, inda bayi su kan taru ran Lahadi su yi kiɗa da rawa.

An hana bauta a Amurka a shekarar 1865. Jikokin bayin suka sami kayan kiɗan Turawa: ƙahon ƙarfe irin na soja, da piyano, da wani babban goge da a ke kaɗawa a tsaye, mai suna kwantarbas. Suka haɗa waƙoƙin aiki, da waƙoƙin coci, da waƙoƙin baƙin ciki da su ke kira bulus, da taken sojoji. A farkon ƙarni na 20, a Niyu Oliyans, wannan haɗi ya zama sabon kiɗa. An ɗauki faifan jaz na farko a shekarar 1917. Daga nan ya bazu cikin duniya. Wanda ya fi kowa suna cikin makaɗan farko shi ne Luwi Amstiron, mai busa ƙaho, wanda aka haifa a Niyu Oliyans a 1901.

Babban abin da ya bambanta jaz da kiɗan Turawa na manyan zauruka shi ne ƙagawa nan take. A kiɗan Turawa, wani gwani ya kan rubuta komai bisa takarda, da wasu alamomi na musamman. Makaɗa su karanta, su kaɗa daidai yadda ya rubuta, ba ƙari ba ragi. A jaz ba haka ba ne.

Ga misali. A ce makaɗa 3 ne: mai piyano, da mai kwantarbas, da mai ganguna. Da farko su kan kaɗa wata waƙa da dukansu suka sani, daga kai har ƙarshe. Sau da yawa tsawonta gaɓa 12 ne ko 32. In sun kai ƙarshe sai su sake komawa farko. Amma a wannan zagaye mai piyano ba zai maimaita waƙar ba. Hannunsa na hagu yana riƙe da ginshiƙan waƙar, na dama kuwa yana ƙaga sabon zance a bisansu. Mai kwantarbas da mai ganguna suna riƙe masa taki, suna kasa kunne, suna ba shi amsa. In ya gama sai wani ya karɓa. Daga ƙarshe su koma ga waƙar da suka fara da ita, su rufe. Gobe in suka sake kaɗa ta, abin da za a ji dabam ne da na yau.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mai gurmi a gidan biki, in wani baƙo ya shigo, nan take ya kan saka sunansa cikin waƙa, taki kuwa bai ɓace masa ba.

4. Karatun Gonda

Gonda ya tashi cikin zamani mai wuya. Yana ɗan shekara 7 aka fara Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙarshen 1944 da farkon 1945 an yi ƙazamin faɗa a cikin Budapes tsakanin sojojin Jamus da na Tarayyar Sobiyet. Gidaje da yawa suka rushe, aka karya gadojin Danub duka. Sa'ad da yaƙin ya ƙare shekarunsa 13.

Da ya girma ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Budapes. Wani shahararren makaɗin piyano ɗan ƙasar, mai suna List, shi ya kafa ta a shekarar 1875, kuma sunansa ta ke ɗauke da shi. A can Gonda ya koyi piyano, ya kuma karanci tarihin kiɗa da ka'idojinsa. Wato ya zama makaɗi kuma masani gaba ɗaya.

Akwai mutum biyu da kowane ɗalibin kiɗa a Hangari ya san sunansu: Bela Bartok da Zoltan Kodai. Tun wajen 1905 da 1906 suka fara yawo ƙauye ƙauye, ɗauke da wata na'urar ɗaukar murya. Su kan zauna da tsofaffi da makiyaya da mata masu aiki, su roƙe su su yi waƙa. Su ɗauka, su koma gida su rubuta. A lokacin mutanen birni sun raina waɗannan waƙoƙi, suna ganin na ƙauyawa ne. Bartok da Kodai suka tara dubbai, suka nuna wa duniya darajarsu. Bartok har Afirka ya zo: a 1913 ya je yankin Biskira a ƙasar Aljeriya, ya ɗauki kiɗan mutanen wurin. Ya rasu a Amurka a 1945.

Kodai kuwa ya mai da hankalinsa ga yara. A ganinsa, kiɗa ba na ɗiyan masu kuɗi kaɗai ba ne, na kowa ne. Ya ce a fara koya wa yaro tun yana ƙarami, don icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kuma a fara da waƙoƙin harshen da ya sha a nono, kafin a kai shi ga na wasu ƙasashe. Ku da ku ka fara karatu da Hausa kafin Faransanci, kun san amfanin wannan hanya. Kodai ya rayu har 1967, kuma makarantu da yawa a duniya sun ɗauki hanyarsa.

Cikin irin wannan ƙasa Gonda ya yi karatu, inda aka riga aka ga cewa kiɗan da aka raina jiya ya kan shiga makaranta gobe. Amma shi kiɗan da ya kama zuciyarsa ba na ƙauyukan Hangari ba ne. Na Amurka ne, kuma a lokacin son kiɗan Amurka abu ne mai haɗari.

5. Sa'ad da aka tsani jaz

Bayan yaƙi duniya ta rabu biyu. Gefe guda Amurka da abokanta, gefe guda Tarayyar Sobiyet da nata. Hangari ta faɗa gefen Sobiyet. Daga 1949 jam'iyyar kwaminis kaɗai ke mulki, ƙarƙashin wani mutum mai tsanani, Matiyash Rakoshi. An rufe iyaka ta yamma da waya mai ƙaya. Gwamnati ce ke da rediyo, da gidan buga littattafai, da kamfanin faifai. Abin da ba ta so, ba mai jin sa.

Shugabannin suka ce jaz kiɗan abokan gaba ne, yana ɓata tarbiyyar samari. Abin mamaki, sun manta cewa waɗanda suka ƙaga shi jikokin bayi ne, talakawan da aka zalunta. Makaɗan jaz suka koma kiɗan rawa a otal otal don su sami abin da za su ci. Faifan Amurka ya yi wuyar samu. Daga 1955 gidan rediyon Muryar Amurka ya fara wani shiri na jaz da dare. Samari a Budapes da sauran biranen Gabashin Turai su kan rage muryar akwatin rediyo, su kusanto da kunne, su saurara. Da yawa ta haka suka koyi jaz.

Ran 23 ga Oktoba 1956 mutanen Budapes suka tashi neman ƴanci. A farkon Nuwamba tankokin yaƙin Sobiyet suka shigo suka murƙushe su. Mutane wajen 200.000 suka gudu daga ƙasar. Cikinsu akwai wani saurayi makaɗin gita, Gabor Sabo, wanda daga baya ya yi suna a Amurka.

Sabon shugaba, Yanosh Kadar, ya fara da tsanani, amma bayan ƴan shekaru ya sassauta. A zamaninsa an kasa ayyukan marubuta da makaɗa kashi 3: wanda gwamnati ke taimaka wa, da wanda ta ke ƙyalewa, da wanda ta hana. Sannu a hankali jaz ya fita daga kashi na uku ya shiga na biyu. A 1962 aka buɗe wani wurin sauraron jaz na samari a Budapes, mai suna Daliya. A shekarar kuma Gonda ya kafa ƙungiyar makaɗa da sunan Kwaliton, sunan da kamfanin faifai na gwamnati ke bugawa bisa faya-fayensa. A watan Yuni na 1965 Luwi Amstiron da kansa ya zo Budapes, ya yi wasa a babban filin ƙwallo, gaban dubun dubatar mutane.

6. Jaz ya shiga makaranta

Ƙyalewa dabam, girmamawa dabam. Abin da aka ƙyale yau ana iya hana shi gobe. Makaɗin da ba shi da takardar shaida kuma ba ya samun aiki mai ɗorewa a ƙasar da gwamnati ce mai ba da aiki. In ana so jaz ya kafa saiwa, sai ya sami makaranta, da malamai, da littattafai, da jarrabawa.

A shekarar 1965 Gonda ya buɗe sashen jaz a makarantar kiɗa ta Budapes mai ɗauke da sunan Bartok. Shekarunsa 33 a lokacin. Sashen yana cikin na farko irinsa a Turai duka. Gonda ya shugabance shi fiye da shekara 30.

Aikin ba mai sauƙi ba ne. Babu wanda ke da takardar shaidar koyar da jaz a ƙasar, tun da ba a taɓa yin makarantarsa ba. Sai aka ɗauko makaɗan da suka gwanance, suka zama malamai. Ɗalibai kuma suna bukatar abin karantawa cikin harshensu. A wannan shekara ta 1965 Gonda ya fitar da littafi da harshen Majar bisa tarihin jaz da ka'idojinsa da yadda a ke kaɗa shi. Daga baya ya faɗaɗa shi, ya kuma rubuta waɗansu.

Akwai kuma wata gardama da ta daɗe, ba a Hangari kaɗai ba. Waɗansu suna ganin jaz kiɗan gidan rawa ne, bai cancanci aji ba. Waɗansu kuma, cikin masu son jaz ɗin, suna cewa ba a koyar da shi. In mutum zai ƙaga kiɗa nan take, me malami zai koya masa?

Ga amsar. Ku dubi yadda ku ke hira. In kun haɗu da aboki a hanyar rijiya, ba ku hardace abin da za ku faɗa masa tun daga gida ba. Nan take maganar ke zuwa. Amma ba don kun san kalmomi, kun kuma san yadda a ke jera su ba, da ba ku iya cewa komai. Kun koye su ne daga bakin iyaye, da tatsuniya, da darasin nahawu. Haka ƙaga kiɗa ya ke. Yana da kalmominsa da nahawunsa, kuma ana koyon su.

Don haka a makarantar jaz ɗalibi ya kan koyi abubuwa kamar haka. Na ɗaya, horon kunne: malami ya kaɗa sauti, ɗalibi ya gane shi, ya maimaita. Na biyu, sanin sautukan da ke tafiya tare da waɗanda ba sa jituwa. Na uku, riƙe taki, kada ya yi gaggawa, kada ya yi nawa. Na huɗu, sauraron faifan magabata: ya saurari ɗan guntu sau da yawa, ya rubuta shi, ya kaɗa shi, har ya gane dabarar mai shi. Na biyar, kiɗa cikin ƙungiya, inda zai koyi yin shiru sa'ad da wani ke magana. Bayan wannan duka sai a ce masa: to, yanzu faɗi naka. Malami ba ya iya ba ɗalibi abin da zai faɗa. Amma yana iya ba shi harshen da zai faɗe shi.

Gonda bai tsaya ga masu son zama makaɗan jaz kaɗai ba. A ganinsa ƙagawa nan take abu ne da ya kamata kowane mai koyon kiɗa ya gwada, har da yara ƙanana. Ya rubuta littattafai bisa wannan hanya. Ya kuma shugabanci tarurrukan koyo da a kan yi lokacin hutu a garin Tatabanya, yamma da Budapes, inda ɗalibai da malamai su kan taru su yi kiɗa tare.

7. Sauran ayyukansa

Koyarwa ba ta hana Gonda kiɗa ba. Ya ci gaba da wasa da ƙungiyoyinsa, yana fitar da faya-faye. Ɗaya daga cikinsu sunansa «Waƙar Boka», don tunawa da bokayen kakannin Majar na zamanin da. Wannan ya nuna cewa bai tsaya ga kwaikwayon Amurkawa ba, ya nemi abin da zai ƙara daga tarihin mutanensa.

Ya kuma shirya kiɗa don silima. A 1966 wani saurayi mai shirya fim, Ishtiban Sabo, ya fitar da fim mai suna «Uba». Labarin wani yaro ne da ubansa ya rasu a ƙarshen yaƙi, yaron ya riƙa ƙaga labaran jaruntakar uban a zuciyarsa. Gonda ne ya yi kiɗan fim ɗin. Shi Sabo daga baya ya ci babbar kyautar silima ta Amurka, a 1982, da wani fim dabam.

Daga 1972 zuwa 1984 Gonda ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban ƙungiyar jaz ta ƙasa da ƙasa. A lokacin ba kowa ke samun izinin fita daga Gabashin Turai ba. Irin wannan ƙungiya ita ke sa makaɗan gabas da na yamma su san juna.

A 1989 mulkin jam'iyya ɗaya ya faɗi a Hangari, aka buɗe iyaka. A 1990 makaɗan jaz na ƙasar suka kafa ƙungiyarsu, Gonda ya zama shugabanta na farko. A shekarar kuma aka ɗaga koyar da jaz zuwa matsayin ilimi mai zurfi, ƙarƙashin makarantar List, inda shi kansa ya yi karatu. Kiɗan da aka kira na abokan gaba ya shiga makarantar kiɗa mafi daraja a ƙasar, shekara 25 bayan buɗe sashen farko.

8. Waɗanda suka biyo baya

A kan san malami ta wurin abin da ya bari. Ga mutum 3 da suka ratsa ta sashen da Gonda ya kafa, dukansu makaɗan piyano, dukansu malamai.

Na farko Bela Sakci Lakatosh, wanda aka haifa a 1943. Shi ɗan ƙabilar Rom ne. Kakannin Rom daga arewacin Indiya suka taso, wajen shekara 1.000 da suka wuce, suka bazu cikin Turai. An daɗe ana nuna musu wariya. Amma a Hangari an san su da gwanintar kiɗa, kuma gidaje da yawa cikinsu gadon kiɗa su ke yi, ɗa ya koya daga uba. A 1970 Sakci da abokan kiɗansa suka zo na biyu a gasar babban bikin jaz na Montire a ƙasar Suwis. Ya koyar da piyano a sashen jaz shekara 12. Ya haɗa jaz da waƙoƙin Rom. A 2005 ya sami kyautar Koshut, babbar kyautar ƙasar ga masu fasaha. Ya rasu a 2022.

Na biyu Karoi Binda, wanda aka haifa a 1956. Ya yi karatu a sashen, kuma a shekarar 2000 ya zama shugabansa. Wato ɗalibi ya zauna bisa kujerar malam.

Na uku Kalman Ola, shi ma ɗan Rom ne, an haife shi a 1970, shekara 5 bayan buɗe sashen. A 1990 ya kafa ƙungiya ta mutum 3 da abokansa. A 2006 ya ci gasar masu shirya kiɗan jaz a Amurka, gasar da ke ɗauke da sunan Teloniyus Monk, wani babban makaɗin piyano baƙar fata. Ya ci ta a ƙasar da jaz ya fito. Shi ma ya koma ya koyar a makarantar List.

Yanosh Gonda ya rasu a watan Maris na 2021, yana da shekara 89. Tun daga 2012, kowace ran 30 ga Afrilu ana bikin ranar jaz ta duniya, bisa shawarar hukumar UNESCO. A Budapes, da yawa cikin waɗanda ke hawa dandali a wannan rana ɗalibansa ne, ko ɗaliban ɗalibansa.

Ma'anar kalmomi

Tsirkiya: igiya ko waya da a ke ɗaurewa tamau bisa abin kiɗa.
Taki: bugun da ke auna saurin kiɗa.
Gaɓa: ɗan yanki na kiɗa mai ƙidayar bugu daidai.
Ƙagawa nan take: yin sabon kiɗa ko waƙa a lokacin da a ke wasa, ba tare da an shirya tun da wuri ba.
Wariya: bambanta mutane da wulaƙanta su saboda ƙabila ko launin fata.

Tambayoyi

1. Ku faɗi abu 3 da Hangari da Nijar suka yi kama a cikinsu.
2. Haƙoran piyano nawa ne? Me ke faruwa cikin akwatin in an danna ɗaya?
3. Su wa suka ƙaga jaz, kuma a wane birni?
4. Me ya sa shugabannin Hangari suka tsani jaz bayan 1949?
5. Me Gonda ya yi a shekarar 1965? Ku faɗi abu 2.
6. Ta yaya ƙaga kiɗa nan take ya yi kama da hira?
7. Shekara nawa ne tsakanin haihuwar Gonda da buɗe sashen jaz? Tsakanin buɗe sashen da rasuwarsa fa?

Aiki

Ku je wurin wani makaɗi na garinku ko unguwarku, ku gaishe shi da ladabi. Ku tambaye shi wa ya koya masa kiɗa, shekara nawa ya yi yana koyo, kuma wane abu ne ya kan ƙaga nan take in yana wasa. Ku rubuta amsarsa cikin layi 10, ku karanta wa ƴan ajinku.